Yadda ake haɗa shafin duba ko intanet ya iso unguwa, da auna wayar da za a ja zuwa gida

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin ƙaramin kamfanin da ke ja wa mutane intanet a Bauchi ya san tambayar da ta fi yawa a waya: "Injiniya, layinku ya zo wajenmu kuwa?" Ka ce ina ne wajen naku, ya ce Fadaman Mada, bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, gida mai koriyar ƙofa. Ba abin da za ka iya ce masa sai "bari mu turo yara su duba." Yara su hau acaɓa, su ɓata rabin yini suna neman koriyar ƙofa, su dawo da yamma su ce akwatin da ke kusa da gidan, wanda daga cikinsa ake jona wa gidaje waya, ya cika. An ƙona mai, an ƙona lokaci, mutumin kuma tuni ya je kasuwa ya sayi na'urar da ake sa wa layin waya.

Abin da za mu haɗa shafi ne da mutum zai buɗe a wayarsa, ya nuna gidansa a taswira, shafin ya gaya masa ko za a iya ja masa intanet, ta wace hanya, kuma waya mita nawa aikin zai ci. Rubuta kod ɗin bai wuce aikin sati biyu ba ga wanda ya saba. Abin da ke cin mutum shi ne bayanan da shafin zai dogara da su, da kuma hana shi faɗin abin da bai sani ba.

Kada ka kwaikwayi na Ingila

A Ingila irin wannan shafin ya daɗe. Mutum ya sa lambar wayar gidansa ko lambar gidan waya ta unguwarsu, a gaya masa nisan layinsa daga cibiyar tarho. Dalili shi ne intanet ɗinsu na da ta wayar tagulla yake bi, ita kuwa tagulla tana rage ƙarfi da nisa: tsarin ADSL2+ yana iya kai megabit 24 a gindin cibiya, amma kafin a kai kilomita 5 ya zama ɗigo-ɗigo. Mu nan wayoyin tagulla na zamanin NITEL sun zama tarihi, gidaje ba su da lambar tarho, lambar gidan waya kuma, wadda ta Bauchi ke farawa da 740 ta Gombe da 760, yanki guda take nunawa, ba gida ba. Ga shi mutum ɗaya cikin nawa ne ma ya san tasa?

Hanyoyi uku ne intanet mai ƙarfi ke shiga gida a garinmu, kuma kowace da abin da nisa ke nufi a wajenta. A fayiba, wato wayar gilashi da ke ɗaukar saƙo ta hanyar haske, nisa kuɗin waya ne da ragowar haske. A rediyon da ake kafawa a saman rufi, abin dubawa shi ne ko tasar gida tana hango hasumiya ba tare da dutse ko bene ya gitta ba. A na'urar da ake sa wa layin waya, nisa yana da tasiri, amma cunkoson jama'a ya fi shi. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, sararin sama kawai yake nema, don haka ba ya buƙatar shafinka. Ka fara da fayiba, a nan amfanin shafin ya fi fitowa.

Mataki na farko: fita da ƙafa

Ba inda za ka sauke jerin akwatunan fayiba na Bauchi a intanet. Bayanan suna hannun kamfanin da ya kafa su, shi ya sa ko dai kana aiki da kamfanin, ko ka je ka yi yarjejeniya da shi a rubuce. Sayar da intanet kansa sai da lasisin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, amma shafin dubawa kayan aikin mai lasisin ne.

Ko an ba ka zanen ɗan kwangila, kada ka ɗauke shi a matsayin gaskiya. Zanen yana nuna inda aka yi niyyar bi ne, ba inda aka bi ba. Mai gida ya hana a ratsa ta gabansa, falwaya ta karye, an kauce wa kwalbati, duk wannan ba ya komawa kan takarda. Tsofaffin takardun safiyo kuma da yawa an zana su ne a kan ma'aunin Minna, wanda ya bambanta da WGS84 da GPS ɗin waya ke aiki da shi. In ka zuba su yadda suke, komai zai goce da mita gommai, akwati ya koma tsakar gidan maƙwabci. Manhajar QGIS, wadda kyauta ce, tana juya su in ka gaya mata asalin ma'aunin.

Ka haɗa fom a KoboToolbox, domin yana aiki ko babu sabis, ya tura bayanan daga baya. Kowane akwati a rubuta lambarsa, wurinsa, gurabe nawa ne a cikinsa, nawa suka rage, ƙarfin hasken da aka auna a bakinsa, hoto, da ranar da aka duba. Mai ɗaukar bayanin ya tsaya a gindin falwayar har sai wayar ta nuna kuskuren da bai wuce mita 5 ba, kada ya danna yana kan mashin. Falwayoyin da waya ta bi ma a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai gundura, kuma shi ne zai raba shafinka da na wasa.

Shawara kyauta: a fara zuwa gaida mai unguwa kafin a shiga layi. Matasa biyu suna ɗaga waya suna ɗaukar hoton turaku a lungun da ba a san su ba, 'yan sintiri ba za su tsaya jin bayanin taswira ba. Riga mai sunan kamfani da katin shaida suna rage surutu.

Mataki na biyu: rumbun bayanai

Ka yi amfani da rumbun bayanai na PostgreSQL da ƙarin PostGIS a kansa, mai lissafin wuri da nisa. Ƙaramar saba ta haya, wato kwamfutar da shafin zai zauna a kanta, mai ƙwaƙwalwar gigabait 2 ta ishi gari guda. Tebura huɗu kake buƙata da farko: akwatuna, turaku da wayoyin da ke tsakaninsu, shingaye, sai tambayoyin da jama'a suka yi. Ka ajiye wuri da nau'in geography, domin amsar ta riƙa fitowa da mita kai tsaye. Neman akwatuna mafi kusa da gida bai wuce wannan ba:

SELECT lamba, gurabe_saura, ST_Distance(wuri, :gida) AS mita
FROM akwatuna
WHERE ST_DWithin(wuri, :gida, 600)
ORDER BY wuri <-> :gida
LIMIT 3;

Uku nake ɗaukowa, ba ɗaya ba, saboda mafi kusa yakan zama cikakke, ko kuma yana tsallaken titi. Ka sa wa ginshiƙin wuri fihirisar GiST don kada binciken ya yi nauyi in bayanai sun taru.

Akwai tarkon da ya fi kama mutanen Bauchi fiye da na kowane gari. Garin yana wajen digiri 10.31 arewa, 9.84 gabas. Leaflet, wadda za ka zana taswira da ita, latitud take karɓa da farko. PostGIS da GeoJSON, tsarin rubuta bayanan taswira, kuwa longitud suke sa wa gaba. A gari irin Legas, in ka juya lambobin, digon zai faɗa cikin teku, nan take ka gane. A Bauchi lambobin biyu sun yi kusa da juna, don haka digon zai tsaya cikin jihar, ya koma kimanin kilomita 70 kudu maso gabas, wajajen dajin Yankari. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, za ta dai riƙa ce wa kowa babu akwati kusa da shi. Na kwana biyu ina neman wannan kuskuren a wurin da ba ya nan. Ka rubuta sharaɗi tun farko: duk digon da ya fita daga da'irar kilomita 25 daga tsakiyar gari, a ƙi karɓarsa.

Mataki na uku: ina gidan yake?

Adireshi a garinmu kwatance ne. Saboda haka ka ba mutum hanya uku, ya zaɓi wadda ta yi masa.

Ta farko maɓalli ne mai cewa "Ina gidan yanzu". Burauza ba ta bayar da wurin mutum sai shafin yana kan HTTPS, wato tsarin tsaro na shafuka, takardar shaidar da ake buƙata don haka kuma kyauta ce daga Let's Encrypt. Tare da lambobin wurin, wayar tana turo kiyasin kuskurenta da mita. Kada ka yi watsi da shi. Mutumin da ke kwance a ɗaki ƙarƙashin rufin kwano, wayarsa na iya kuskure da mita ɗaruruwa, mai kwamfutar tebur kuwa sau da yawa a Legas ko Abuja za a nuna shi. In kuskuren ya haura mita 50, shafin ya ce masa: "Don Allah fito tsakar gida ka sake dannawa."

Ta biyu ita ce ya ja digo da yatsa ya ɗora a kan rufin gidansa. A nan hoton tauraron ɗan'adam ya fi taswirar tituna amfani nesa ba kusa ba, domin mutum ba ya gane layinsu da zane, amma yana gane mangwaron gidansu da filin ƙwallon da ke bayansu. OpenStreetMap ba ta da irin wannan hoton, sai ka ɗauko daga masu sayarwa irin su Google Maps ko Mapbox, ka kuma karanta sharuɗɗansu na biya.

Ta uku akwatin rubutu ne da zai kai shi kusa, sannan ya ƙarasa da yatsa. Kada ka jingina wannan da Nominatim na jama'a, injin neman sunan wuri na OpenStreetMap: dokarsu tambaya ɗaya ce a daƙiƙa, sun hana cika rubutu yayin da mutum ke bugawa, kuma sunayen lungunanmu da yawa babu su a ciki. Ka yi naka jerin da hannu: Wunti, Kasuwar Muda Lawal, Ƙofar Ran, Gidan Mai, Gwallameji, Yelwa, Dutsen Tanshi, Jahun, Tirwun, manyan masallatai, makarantu, gidajen mai, tashoshin mota. Wurare ɗari uku sun isa farawa. Mutane ba sa rubuta suna iri ɗaya. Wani zai buga Gwalameji da lam ɗaya, wani Kofar ba ƙugiya, wani Yalwa. Kafin a gwada, a mayar da ƙ, ɗ, ɓ zuwa k, d, b, sannan a bar ƙarin pg_trgm ya nemo sunan da ya fi kama. Duk sunan da aka nema ba a samu ba, ka ajiye shi, ƙarshen sati ka duba ka ƙara.

Wanda duk wannan ya gagare shi, a bar masa maɓallin WhatsApp ya turo wurinsa. Dattawa da yawa jikokinsu sun koya musu wannan.

Mataki na huɗu: nisan miƙe da nisan bin hanya

A nan yawancin masu haɗa irin wannan shafi suke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi. Lissafin da ke sama nisan miƙe yake bayarwa, kamar an ɗaura zare daga akwati zuwa gida ta saman rufin mutane. Waya kuwa falwaya take bi, ta kewaye katanga, ta sha kwana.

A farkon aikinmu shafin ya gaya wa wani Alhaji cewa mita 190 ne tsakaninsa da akwati, ya kuma lissafa masa kuɗi a kan haka. Da yara suka je, ashe katangar wata makaranta ce ta raba su, sai da aka zagaye ta baki ɗaya. Waya ta ci mita 460. Na kira shi ina kame-kame, ya ce, "Injiniya, ai ba ni na faɗa ba, kwamfutarku ce ta faɗa." Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Mu muka biya bambancin.

Gyaran hawa uku ne, ya danganta da bayanan da ke hannunka.

Mafi sauƙi shi ne ka ninka nisan miƙe da wani adadi. A unguwar da aka yanka filaye layi-layi, lissafi ya nuna bin hanya ba ya wuce ninki 1.41 na nisan miƙe, matsakaicinsa kuma wajen 1.27 ne, muddin babu shinge. Cikin gari kuwa, inda lungu ke murɗewa ya mutu a ƙofar wani, ba ka da irin wannan tabbacin. Kada ka ari adadin kowa, ka fitar da naka. Jikin wayar fayiba akwai lambar mita da aka buga a kai, mita bayan mita. Ka sa masu ja su rubuta lambar da suka fara da ita a bakin akwati da wadda suka yanke a cikin gida. Bambancin shi ne ainihin wayar da aka ci. Raba shi da nisan miƙe na wannan gidan, ka tara na gidaje talatin a kowace unguwa, ka ga abin da ya fito. Za ka tarar na GRA daban, na Jahun daban. Kowace unguwa a ajiye mata nata.

Hawa na biyu shi ne injin neman hanya. Ka sauke taswirar Najeriya ta OpenStreetMap daga Geofabrik, ka yanko Bauchi, ka ɗora OSRM a kai. Ka zaɓi tsarin mai tafiya a ƙasa, ba na mota ba, domin waya ba ruwanta da titin da mota ke bi ta hannu ɗaya. Aibinsa shi ne lungunan da ba a zana ba. In ka ga haka, zana su da kanka a OpenStreetMap, kowa ya amfana.

Hawa na uku, wanda ya fi duka, shi ne pgRouting, ƙarin neman hanya na PostGIS, a kan turakun da ka tattara da ƙafarka. A nan kwamfuta za ta bi falwaya zuwa falwaya, yadda mai tsani zai bi. Inda turaku suka ƙare kafin a kai gidan, ta ƙirga nawa za a kafa sababbi, wanda shi ma kuɗi ne da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya sa rai.

Ko wanne ka ɗauka, ka ƙara wayar da taswira ba ta gani: saukowa daga falwaya, lanƙwasar da waya ke yi tsakanin turaku, naɗin da ake bari don gyara, da zagayen cikin gida har inda za a ajiye na'ura. Ni nakan ƙara kashi 5 cikin ɗari da mita 30 a kai, gidan sama kuma fiye da haka.

Sai teburin shingaye. Ka zana layin dogo, tituna masu hannu biyu, rafuka da manyan magudanai, da katangun manyan wurare irin harabar jami'ar ATBU da ke Yelwa ko bariki. In hanyar da aka lissafa ta ratsa ɗaya daga cikinsu, ST_Intersects zai nuna, shafin kuma ya daina bayar da farashi, ya ce sai an zo an gani. Tsallaka babban titi ba maganar tsawon waya ba ce kawai. Akwai izinin hukuma, akwai kuɗin ratsa hanya, wanda a matakin ƙasa aka amince da naira 145 a kowace mita amma kowace jiha da yadda take tafiyar da nata, akwai kuma tirela mai dogon kaya da za ta tsinke wayar da ba a ɗaga sosai ba.

Mataki na biyar: hasken zai kai?

Fayiba ba ta raguwa sannu a hankali irin tagulla. Gidan da ke mita 100 da wanda ke kilomita 10 gudu ɗaya suke samu, matuƙar haske ya isa. In bai isa ba kuma, jar fitila ce kawai za ta kama a na'urar cikin gida. Tsarin GPON na raba fayiba ga gidaje, wanda aka fi amfani da shi, yana kai kilomita 20, kuma kayan aji B+ suna jure asarar haske ta desibel 28 (desibel shi ne ma'aunin wannan asara) daga cibiyar kamfani zuwa gida.

A ce gidan yana kilomita 8 daga cibiya. Waya tana cin kimanin desibel 0.35 a kilomita, wato 2.8. Hasken ya bi ta marabi mai baki 8, wato abin da ke raba hasken waya ɗaya gida takwas, sau biyu, kowanne wajen 10.5, wato 21. Mahaɗa huɗu a kan 0.5, wato 2. Ɗinki shida, inda aka manne bakin waya da waya, a kan 0.1, wato 0.6. Jimla 26.4. A takarda hasken ya isa, amma saura 1.6 kacal, alhali ana son a bar wajen 3 saboda ƙura, tsufa, da ɗinkin da za a ƙara ran da masu aikin titi suka datse waya. Ka lura marabi ne ya cinye kusan komai, ba nisa ba.

Shi ya sa na ce a auna haske a bakin kowane akwati tun a matakin farko. Awon gaske ya fi lissafi. Na'urar cikin gida ta aji B+ tana jin haske har ya sauka zuwa -27 a ma'aunin ƙarfi na dBm, don haka akwatin da tun a bakinsa yake nuna -25 ba wurin ƙara mutum ba ne ko da gurabe na nan a buɗe. Ka sa shafin ya ɗauke shi kamar cikakke, ya kuma tura wa injiniya saƙo.

Rediyon saman rufi

Bauchi gari ne da duwatsu suka kewaye, wasu ma suna cikinsa. Gida biyu na iya zama nisa ɗaya daga hasumiya, ɗaya yana hango ta, ɗaya Dutsen Warinje ya tare shi. Ka sauke bayanan tudu da kwari na SRTM ko na Copernicus, duka kyauta, kowane digo yana wakiltar kimanin mita 30. Ɗan gajeren kod na Python zai ja layi daga tasar hasumiya zuwa rufin gida, ya karanta tsayin ƙasa duk bayan mita 30, ya duba ko akwai inda ƙasa ta taɓo layin.

Hangen ido kaɗai bai isa ba. Igiyar rediyo tana buƙatar sarari kewaye da layin, mai siffar ƙwai, wanda ake kira yankin Fresnel. A tazarar kilomita 5 a kan gigahaz 5.8, faɗinsa daga layi zuwa gefe a tsakiyar hanya ya kai mita 8, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin ɗari nasa ya zama fili, wato kusan mita 5 ƙasa da layin kada komai ya shigo. Ka tuna kuma a Fabrairun 2000 aka ɗauki bayanan SRTM. Ba su san benen da aka gina bara ba, ba su san darbejiyar da ta girma ba, ba su san bishiyar da ta zubar da ganye da rani za ta cika da damina ba. Don haka a rediyo, shafin yana iya cewa "a'a" da ƙarfin gwiwa in dutse ya gitta, amma "e" ɗinsa kullum "da alama" ce, sai an hau rufi.

Na'urar layin waya kuwa, a taƙaice: wuraren da OpenCelliD ke nunawa kiyasi ne daga awon wayoyin mutane, ba ainihin gindin hasumiya ba, kada ka auna mita da su. In kana son saka wannan ɓangaren, ka tara awonka: ƙarfin sigina, wanda a ma'aunin dBm daga -90 zuwa sama yake da kyau, ƙasa da -110 kuma wahala ce, da gwajin gudu tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare lokacin da kowa ke kan waya. Gwajin hantsi yaudara ce. In kana neman ma'auni, shirin ƙasa na faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin Isa Ali Pantami yana minista, ya sa megabit 25 a birni da 10 a karkara.

Abin da mutum zai gani

Kada amsa ta zama "akwai" ko "babu" kawai. Huɗu nake amfani da su. "Layi ya iso, wayar da za a ja tsakanin mita 150 zuwa 200 ce." "Layi ya iso amma akwatin unguwarku ya cika, bar lambarka." "Kuna kusa, sai dai akwai babban titi tsakani, sai injiniya ya zo ya gani." "Ba mu iso ba tukuna." Farashi ma a ba shi daga kaza zuwa kaza, a kuma rubuta ranar da aka duba akwatin a ƙasa. Hausa ce gaba, Turanci ga mai so. Shafin ya zama mara nauyi, domin mai neman intanet mai kyau, a bisa al'ada, da mara kyau yake buɗe shi. Taswira kada ta sauko sai an nemi ta.

Lissafin duka a saba za a yi shi, kada jerin akwatuna ya taɓa sauka a wayar mai tambaya, kada kuma a zana hanyar waya a taswirar jama'a. Masu yanke waya da ɓarayin kaya ma suna da data. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, amma doka ba ta tsaya gadi da dare. Ko nisan ma kada ka faɗe shi daidai: wanda ya tambaya daga wurare uku ya samu mita daidai-daidai, da ɗan lissafi zai gano gindin falwayar. Ka dunƙule amsa zuwa hamsin-hamsin, ka kuma taƙaita yawan tambayar da waya ɗaya za ta yi a awa.

Wurin gidan mutum da lambar wayarsa bayanan sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023. Ka nemi yardarsa a fili kafin ka ajiye, ka faɗi abin da za ka yi da su, kada ka sayar wa masu talla. Tambayoyin da aka amsa da "ba mu iso ba" kuwa, ka cire sunaye ka zuba su a QGIS duk wata. Inda digo ya taru, nan ne za a kafa akwati na gaba. Mai kamfani da ya ƙi sauraronka a kan shafin zai gyara zama in ya ga wannan taswirar.

Kafin ka buɗe wa jama'a, ɗauko tsofaffin ayyuka talatin da ka san wayar da suka ci, ka sa gidajen a shafin ɗaya-ɗaya. In fiye da uku sun fita daga tazarar da ya bayar, koma kan adadin ninkin unguwar ko teburin shingaye. Ka ba mutum biyar da ba su san kwamfuta ba, ka zauna gefe ka yi shiru, ka ga inda yatsarsu ke tsayawa.

Bayan an buɗe, abin da ke lalata shafin shi ne gurabe. An ja wa mutum layi ranar Talata, ba wanda ya rage lamba a rumbu, ranar Alhamis shafin ya yi wa wani alkawarin gurbin da babu shi. Ka ɗaure wannan da kuɗin aiki: mai ja ba zai karɓi sallamarsa ba sai ya cike fom a gindin falwaya, da hoton cikin akwati da lambobin mita biyu na jikin waya. A kod ɗin kuma ka sa sharaɗi cewa duk akwatin da ya kwana 90 ba a buɗe shi an duba ba, amsarsa ta sauka da kanta daga "layi ya iso" zuwa "sai injiniya ya zo ya gani", har ranar da wani ya hau tsani ya ƙirga.